Matsala Kafin Ƙa'ida: Gina Basirar Warware Matsaloli a Darasin Lissafi na Aji Ɗaya zuwa Uku

Tsakure

Wannan takarda ta dubi yadda ake koyar da lissafi a azuzuwa uku na farkon firamare, da dalilin da ya sa yaron da yake ba da canji daidai a bakin titi yake kasa amsa tambaya mai sauƙi a kan allo. Ta dogara da binciken da aka yi a Birazil da Faransa da Amurka da Japan wajen kafa hujjar cewa yaro yana shigowa aji ɗaya da dabarunsa na warware matsala, kuma darasin da yake farawa da ƙa'ida shi ne yake raba shi da waɗannan dabaru. Takardar ta kawo shawarar a fara darasi da matsala guda ɗaya kafin a koyar da hanyar warware ta, ta kuma nuna yadda hakan zai yiwu a aji mai cunkoso.

Gabatarwa

Binciken MICS na 2021, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF, ya nuna cewa kimanin kashi 25 cikin 100 ne kawai na yaran Najeriya 'yan shekara 7 zuwa 14 suke da tushen lissafi. Abin da aka gwada su a kai kuwa aikin aji biyu ne zuwa uku: karanta lamba, gane wadda ta fi girma tsakanin lambobi biyu, tarawa, da cike gurbin lambar da ta ɓace a jeri.

In aka tambayi dalili, amsar da ke bakin kowa ita ce cunkoso, da ƙarancin littattafai, da malamin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata. Duk gaskiya ne. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35, alhali da yawa daga cikin malamanmu suna tsayawa gaban ninkin haka ko fiye. Sai dai gyaran waɗannan yana hannun hukuma. Abin da wannan takarda ta sa a gaba shi ne wanda ke hannun malami shi kaɗai, wato yadda yake sarrafa minti talatin ko talatin da biyar ɗin da jadawali ya ba shi.

Dukkanmu mun san yadda darasin yake tafiya. Malam ya rubuta kan darasi, ya yi misali ɗaya ko biyu a allo, yana faɗin matakai yara suna maimaitawa da ƙarfi. Ya juyo ya ce, "Kun gane?" Aji ya amsa baki ɗaya, "E, Malam!" Sai ya jera tambayoyi goma masu kama da misalin, a kwafa, a yi, ya bi da jan biro. Tambayoyin labari suna can ƙarshen babi, kuma su ne ake fara tsallakewa idan zangon karatu ya ƙure. A irin wannan darasi yaro bai taɓa tsayawa gaban tambayar da ba a riga an nuna masa hanyarta ba. To ita wannan tambayar, wadda yaro ya fahimci abin da ake nema amma ba shi da hanya a shirye, ita nake nufi da matsala a cikin wannan takarda. Tara 7 da 5 matsala ce ga ɗan aji ɗaya a zangon farko, amma ga ɗan aji uku maimaici ne kawai. Kowanne yana da amfaninsa. Damuwata ita ce darussanmu sun cika da na biyun, na farkon kuwa babu shi.

Abin da yaro yake shigowa da shi

A 1985 Terezinha Carraher da David Carraher da Analúcia Schliemann suka wallafa sakamakon wani bincike da suka yi a birnin Recife na ƙasar Birazil. Sun je wurin yara biyar 'yan shekara 9 zuwa 15 masu taya iyayensu sayar da kwakwa da sauran kayayyaki a bakin titi, suka yi ciniki da su kamar kowane mai saye. Yaran sun ba da amsa daidai a kashi 98 cikin 100 na lissafin cinikin. Daga baya aka same su da takarda da fensir, aka ba su lambobin nan dai da suka lissafa a wurin sana'a. Da aka saka lambobin cikin labari, sun ci kashi 74. Da aka rubuta su tsurarsu, irin yadda muke yi a allo, sai suka faɗo zuwa 37.

Wani ɗan shekara 12 a cikinsu ya isa misali. An tambaye shi kuɗin kwakwa huɗu, kowace a kan kuruzero 35, kuɗin Birazil na lokacin. Ya riga ya san uku 105 ne, sai ya ƙara 30 ya kai 135, ya cike biyar ɗin da ta rage ya ce 140. Da aka rubuta masa 35 sau 4 a takarda, ya ninka 5 sau 4 ya sami 20, ya ajiye sifili ya riƙe 2, ya haɗa ta da 3 kafin ya ninka, ya rubuta 200. Da a bakin titi ne, da kansa zai san 200 ta yi yawa a kwakwa huɗu. A takarda kuwa bai ji komai ba, domin lambobin sun rabu da abin da suke wakilta, saura matakai da ya haddace rabi da rabi. Yara biyar ba su da yawa, ba a kafa manufa a kansu, shi ya sa masu binciken suka faɗaɗa aikin daga baya zuwa kafintoci da masunta da manoma, kuma suka ci karo da abu iri ɗaya.

Wannan hoto ba baƙo ba ne a garuruwanmu. Yarinyar da ta ɗauko farantin gyaɗa, aka sayi ƙulli uku na naira hamsin-hamsin aka ba ta ɗari biyu, ba ta neman fensir kafin ta miƙa hamsin. Ba yabon talla nake yi ba. Mazaunin 'yar shekara takwas aji ne, kuma duk abin da tallan ya koya mata bai kai abin da ya hana ta ba. Amma idan ta zo ajin, zalunci ne a ɗauke ta kamar ba ta san komai ba. Haka yaron da yake kiwo yake gane an rasa akuya biyu kafin a gama ƙirgawa, haka wanda yake zama gefen masu dara, yana kallon gurabe talatin da 'ya'ya goma sha biyu-biyu, ya saba da tunanin "idan na sa nan, shi kuma ya sa can, me zai biyo baya?" Wannan tunani shi ne jarin darasin lissafi.

Wani zai ce ai waɗannan yara sun ɗan tasa. To a 1993 Thomas Carpenter da abokan aikinsa na Jami'ar Wisconsin a Amurka sun gwada yara 70 na ajin share fage, waɗanda ba su ma shiga aji ɗaya ba, bayan sun yi shekara a hannun malamai masu ba su tambayoyin labari. An yi wa kowane yaro tambayoyi tara, har da na ninkawa da na rabawa da masu matakai biyu. Kusan rabinsu sun bi hanya ingantacciya a duka taran. Ba wanda ya koya musu alamar sau ko ta rabawa. Da yatsu da 'yan ƙirga suka kwaikwayi labarin har amsa ta fito. Ke nan ra'ayin da ke cewa sai yaro ya gama haddace tarawa da ɗebewa sannan a ba shi matsala ba shi da madogara.

Yadda darasi yake raba yaro da hankalinsa

A wajen 1980 wasu masu bincike a Grenoble ta ƙasar Faransa sun yi wa yara 97 na ƙananan azuzuwan firamare wannan tambaya: jirgin ruwa yana ɗauke da tumaki 26 da awaki 10, shekarun matuƙin jirgin nawa? Yara 76 suka ba da amsa ta hanyar sarrafa lambobin nan biyu, galibi 36. Waɗannan yara lafiyarsu ƙalau. Da a gida aka yi musu tambayar, dariya za su yi. Makaranta ce ta koya musu cewa duk tambayar lissafi tana da amsa, amsar tana cikin lambobin da aka bayar, kuma labarin ado ne da za a iya tsallakewa.

Cutar ba ta warkewa da girma. A jarrabawar auna ilimi ta ƙasa da aka yi a Amurka a farkon shekarun 1980, an tambayi 'yan shekara 13: sojoji 1,128 za su tafi filin atisaye, kowace mota tana ɗaukar 36, motoci nawa ake bukata? Kimanin kashi 70 cikin 100 sun yi rabawar daidai, amma kashi 23 ne kawai suka ce mota 32. Kashi 29 sun rubuta "31 saura 12", kashi 18 kuma suka ce 31, suka bar sojoji goma sha biyu a tsaye. Hannu ya iya aikin, amma ba wanda ya koma ya tambayi kansa ko amsar ta dace da labarin.

Akwai halaye biyu na koyarwa da nake ganin su ne suka fi yin wannan ɓarna a ƙananan azuzuwa. Na farko shi ne koyar da kalmomin alama: a ce wa yaro duk inda ya ga "gaba ɗaya" ko "ya fi" ya tara, duk inda ya ga "saura" ya ɗebe. Malami yana yin haka da kyakkyawar niyya, don ya sauƙaƙa. Amma a gwada wannan: Audu yana da goro 9, ya fi Tanko da 4, goron Tanko nawa? Yaron da aka horar da farautar kalma zai ce 13, ya ba Tanko fiye da wanda aka ce ya fi shi. An ba shi hanyar da za ta hana shi karanta labarin.

Na biyu shi ne yadda muke nuna alamar daidai. Kullum lissafi a hagu, amsa a dama, har yaro ya ɗauka ma'anar alamar ita ce "rubuta amsa a nan". Karen Falkner da Linda Levi da Carpenter sun ba da rahoto a 1999 cewa da aka ba 'yan firamare 8 + 4 = __ + 5, mafi yawansu, har da 'yan aji shida, sun cike gurbin da 12 ko 17 maimakon 7. Wannan kuskure shi ne yake jiran yaro a ƙaramar sakandare ranar da aka fara aljabara, kuma maganinsa mai arha ne: tun a aji ɗaya a riƙa rubuta 7 = 3 + 4, da 5 + 2 = 2 + 5, a tambayi aji, gaskiya ne ko ƙarya, kuma don me?

Darasin da ya fara da matsala

George Polya, masanin lissafi ɗan asalin Hangari da ya koyar a Jami'ar Stanford, ya fitar da littafinsa How to Solve It a 1945, inda ya kasa aikin warware matsala gida huɗu: fahimtar matsalar, tsara dabara, aiwatar da ita, da waiwaye a kan amsar. Ba don 'yan aji ɗaya ya rubuta shi ba, kuma babban kuskure ne a rubuta matakan a allo a sa yara su haddace, domin an sake mayar da su wata ƙa'idar. Wurinsu bakin malami ne, su zama tambayoyin da yake yi kullum har yara su fara yi wa kansu: Me aka gaya mana? Me ake nema? Da me za ka fara? Wannan amsar ta shiga hankali?

Ƙasar da ta fi mayar da wannan tunani tsarin darasi ita ce Japan. Binciken bidiyo na TIMSS na 1995, wanda ya ɗauki darussan aji takwas a Jamus da Japan da Amurka, kuma James Stigler da James Hiebert suka yi sharhinsa a 1999, ya nuna malamin Japan yakan kawo matsala ɗaya, ya bar ɗalibai su yi fama da ita, sannan a baje hanyoyinsu a allo a tattauna, a ƙarshe shi ya ɗaure zancen. Tsarin ya samo tushe tun daga firamare. Makoto Yoshida ya bi malaman wata firamare a Hiroshima suna shirya darasi guda na aji ɗaya a kan ɗebewa, suka yi ta muhawara a kan lambobin da za su zaɓa kafin su tsaya a kan 12 a ɗebe 7. Abin da ya sa zaɓen ya ci musu lokaci shi ne suna son lambobin da za su fito da hanyoyi daban-daban. Wani yaro zai ƙirga baya ɗaya-ɗaya. Wani zai fasa 12 ta zama 10 da 2, ya ɗebe 7 daga 10, ya haɗa 3 da 2. Wani zai fasa 7 ta zama 2 da 5, ya sauko 10 tukuna sannan ya ɗebe 5. Duka amsar 5 ce, amma darasin yana cikin kwatanta hanyoyin.

Bari in sauko da wannan cikin ajinmu. A ce aji biyu ne, yara sun kai tamanin, babu littafi sai na malama. Ta ba da labari da baki, sau biyu, ba ta rubuta komai ba tukuna: yara 23 za su je gidan biki, kowace adaidaita sahu tana ɗaukar yara 4, adaidaita nawa za a kira? Ta sa yaro ɗaya ko biyu su maimaita labarin da kalmominsu. Wannan ba zai wuce minti biyar ba, kuma shi ne matakin da aka fi yi wa rowar lokaci. Daga nan kowane benci, ko kowane rukunin da ke zaune a tabarma, ya ɗauki tsakuwa ko murafun kwalba ko ƙwallon dabino, a ba su minti goma. Aikin malama a wannan lokaci shi ne zagayawa da kallo da riƙe bakinta, wanda shi ne mafi wuya ga duk wanda ya saba koyarwa. Za ta ga wani rukuni ya zana da'irori yana zuba tsakuwa huɗu-huɗu. Wani yana ƙirga 4, 8, 12, 16, 20, 24 yana lanƙwasa yatsa. Wani ya fara daga 23 yana cire huɗu-huɗu. Za ta ji amsoshi uku: biyar, shida, da "biyar saura uku".

A nan darasin yake. Ta zaɓi rukuni uku, ta fara da masu tsakuwa, sannan masu zane, sannan masu ƙirga, kowanne ya nuna aikinsa a allo ba tare da an goge na baya ba. Ba ta ce wa masu biyar sun faɗi ba. Ta tambayi aji: su ukun da suka rage fa, a ƙasa za su tafi? Yara da kansu za su kira adaidaita ta shida. Sai a minti na ƙarshe ta rubuta abin da aka gano da lambobi, ta ba da tambaya ɗaya ko biyu kowa ya yi shi kaɗai. Washegari ta dawo da lambobin nan cikin wani labari: dabino 23 za a raba wa yara 4 daidai wa daida, kowa nawa zai samu? Yanzu amsar biyar ce, ukun kuma saura ne na gaske. Yaron da ya ga lambobi iri ɗaya sun ba da shida jiya, yau sun ba da biyar, ya koyi cewa labarin ne yake yanke hukunci, kuma da wuya ya bar sojoji a tsaye idan ya kai shekara 13.

Jerin da malamar ta bi, daga abin taɓawa zuwa zane zuwa lamba, shi ne wanda Jerome Bruner ya bayyana a 1966, kuma a kansa Singafo ta gina littattafan firamarenta tun farkon shekarun 1980, kafin ta zo ta ɗaya a lissafi a jarrabawar TIMSS ta 1995. Abin da ya fi cancanta mu ara daga gare su shi ne zanen sanda, domin alli kawai yake ci. A tambayar goron nan, a zana doguwar sanda a rubuta 9 a kanta, ta Audu ke nan. A zana gajera a ƙarƙashinta, ta Tanko. A nuna tazarar da ke tsakaninsu 4 ce. Ba sai an ce wa yaro ya ɗebe ba, idonsa zai gaya masa. Zane shi ne gadar da muka fi tsallakewa: mukan tashi daga tsakuwa mu faɗa kan lamba kai tsaye, ko ma mu fara da lambar.

Zaɓen tambaya da harshen da za a yi ta

Carpenter da abokan aikinsa sun rarrabe tambayoyin tarawa da ɗebewa zuwa iri goma sha ɗaya, gwargwadon abin da ya faru a labarin da kuma inda gurbin da ake nema yake. Littattafanmu sun fi tsayawa a kan biyu: an ƙara, nawa ya zama, an cire, nawa ya rage. Amma daga 8 da 5 da 13 kaɗai malami zai iya fitar da aikin mako guda. Ladi tana da ƙwai 8, kaji suka ƙara 5, nawa ke nan? Ladi tana da 8 da safe, da yamma ta ƙirga 13, nawa aka ƙara? Ladi tana da wasu ƙwai, aka ƙara 5 suka zama 13, da nawa ta fara? Ta ƙarshen ta fi wuya nesa ba kusa ba, domin yaro bai san tsakuwa nawa zai fara ajiyewa ba, dole ya gwada ya gyara ko ya bi labarin ta baya. Lambobi ƙanana sun isa. Wurin gurbin ne yake kawo tunani. Lokaci-lokaci kuma a jefa tambaya mai lambar da ba a bukata, ko wadda ba ta da amsa irin ta matuƙin jirgi, a yaba wa yaron da ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, ba a gaya mana ba."

Game da harshe, wani bincike na Tom Hudson a 1983 ya isa ishara. Ya nuna wa ƙananan yara a Amurka hoton tsuntsaye da tsutsotsi. Da ya tambaye su da nawa tsuntsaye suka fi tsutsotsi, kashi 25 cikin 100 na 'yan ajin share fage ne suka amsa daidai. Da ya ce kowane tsuntsu zai je ya ɗauki tsutsa, tsuntsaye nawa ne ba za su samu ba, sai kashi 96 suka amsa. Yaran nan Ingilishi ne harshensu na gida, sauyin jimla kaɗai ya yi wannan tasiri. Ina ga yaron Gumel ko Illela da aka karanta wa tambayar da harshen da bai fi wata shida da fara jin sa ba? Shirin shekara shida na Ife, wanda Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970, ya koyar da lissafi da sauran darussa da Yarabanci, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba har a Ingilishin kansa. Manufar Ilimi ta 1977 ma ta tanadi harshen uwa ko na yanki a farkon firamare. Duk inda muhawarar hukuma ta tsaya a kan harshen koyarwa, matsayina shi ne matakin fahimtar labari da matakin bayanin hanya dole a yi su da harshen da yaro yake gardama da shi a filin wasa. Wanda ba zai iya cewa "ban yarda ba, ga dalilina" ba, ba zai shiga tattaunawar da aka gina darasin a kanta ba. Ƙirgarmu ma tana da nata taimakon: yaron da ya saba jin ashirin babu ɗaya ya riga ya riƙe dabarar tara 19 da 6 ta hanyar tara 20 da 6 a cire ɗaya.

Ƙorafe-ƙorafen da suka cancanci amsa

Na farko daga masana yake. A 2006 Paul Kirschner da John Sweller da Richard Clark sun yi suka mai ƙarfi a kan koyarwar da ke barin ɗalibi ya gano komai da kansa, suna cewa ƙwaƙwalwar mai koyo na farko ba ta ɗaukar abubuwa da yawa a lokaci guda, don haka yana bukatar jagora bayyananne. Na yarda da su, kuma duk malamin da ya jefa wa yara tambaya ya koma kujera ya tabbatar da maganarsu. Darasin da na kwatanta cike yake da jagora: malama ce ta zaɓi lambobin, ita ta zaɓi wanda zai fito allo da jerin fitowarsu, ita ta ɗaure zancen da bayani a fili. Abin da ya sauya shi ne lokacin bayanin, ya zo bayan yaro ya san tambayar da bayanin yake amsawa. Akwai kuma abubuwan da ba a gano su da tunani, kamar sunayen lambobi da yadda ake rubuta su da ma'anar alamomi. Waɗannan faɗa ake yi kai tsaye.

Na biyu daga iyaye da shugabannin makarantu: ina hadda? Mu al'umma ce da ta san darajar hadda, kuma ɗan aji uku da sai ya ƙirga yatsu kafin ya san 6 da 4 goma ne zai wahala a kowace matsala. A ba hadda minti biyar ɗinta kullum. Amma a lura da gwajin da Carpenter da Elizabeth Fennema da sauransu suka wallafa a 1989 a kan malaman aji ɗaya 40, rabi an horar da su a kan yadda yara suke tunani, rabi ba a yi musu wannan horon ba. Waɗanda aka horar sun fi ba da lokaci ga matsaloli, sun rage na maimaici, duk da haka ɗalibansu sun fi na sauran riƙe ƙananan lissafin da ake haddacewa, ban da fin su a warware matsala. Abin da yaro ya gina da hannunsa sau da yawa ya fi zama a kansa.

Na uku shi ne manhaja da lokaci: tambaya ɗaya a darasi guda, yaushe za a gama? Amsata ita ce mun daɗe muna gama manhaja, ga kuma sakamakon MICS. Shirin KaLMA da aka fara a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil a Jihar Kano, bisa tsarin da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ƙirƙiro na koyar da yaro daga matakin da yake, 'yan aji huɗu zuwa shida ya nufa, yana mayar da su kan tushen karatu da ƙirga. Aiki ne mai kyau, amma bukatarsa shaida ce cewa saurin da aka yi a aji ɗaya zuwa uku bai kai yaran ko'ina ba.

Akwai na huɗu da ba a cika faɗa ba, wato tsoro. Ajin da ake dukan yaro ko a yi masa ihu don ya faɗi amsa ba daidai ba, ba za a sami mai fitowa allo ya nuna hanyarsa ba. Masu amsar "biyar" a darasin adaidaita su ne suka ba aji abin tattaunawa. Idan bulala tana kan tebur, wannan tsari ba zai yi aiki ba ko an kawo kayan koyarwa na duniya.

Abin da ake nema daga masu ruwa da tsaki

Ba daga sifili za mu fara ba. Shirin SMASE, wanda aka soma a 2006 da tallafin hukumar JICA ta Japan a jihohin Kaduna da Neja da Filato, ya riga ya shigo da tunanin darasi mai aiki da hannu da kayan da aka samo a muhalli, kuma akwai malaman da suka sami wannan horo a makarantunmu. Abin da ya rage shi ne a ba su fili. Ina kira ga shugabannin makarantu su ware awa ɗaya a mako da malaman aji ɗaya zuwa uku za su zauna su zaɓi matsala guda, su yi hasashen hanyoyin da yara za su bi da kurakuran da za su yi, ɗaya ya koyar sauran su kalla. Jami'an sa ido, idan kun shiga aji, ku tambayi yaro yadda ya sami amsarsa kafin ku ƙirga shafukan da aka cike. Kwalejojin ilimi su sa kowane ɗalibi mai neman NCE a fannin firamare ya zauna da yaro ɗan shekara shida, ya ba shi tambayar labari da tsakuwa, ya rubuta abin da ya gani kafin ya fita koyarwar gwaji. Masu tsara jarrabawar ƙarshen zango su saka ko da tambaya ɗaya da za a ba da maki a kan zane ko bayanin hanya, domin abin da ake jarrabawa shi ake koyarwa.

Ku kuma 'yan uwana malaman aji, ba sai kun jira takarda daga ofis ba. Ku ɗauki darasi ɗaya cikin biyar na mako mai zuwa, ku ba da labarin kafin ƙa'idar, ku ba yaran minti goma da tsakuwa, sannan ku saurari abin da za su faɗa.